Kowa Da Kiwon Da Ya Karɓe Shi

Daga wani ɗalibin aji shida

Da farko ina miƙa godiyata ga malaminmu na Hausa da ya ba ni wannan fili a mujallarmu ta bana. Ina kuma roƙon iyayenmu da za su karanta su yi mini afuwa idan sun ga na sa baki cikin maganar manya. Ba rashin kunya ya sa ni ba. Abin ne ya same ni har gida, kuma na tabbata ba ni kaɗai ya sama ba. Duk wanda ke aji shida bana, ko ya faɗa ko bai faɗa ba, da wannan tunani yake kwana yake tashi.

Maganar ita ce, idan aiki biyu suka zo gaban mutum, ɗaya ransa yana so amma albashinsa kaɗan ne, ɗaya kuwa albashi mai tsoka amma ransa ba ya so, wanne ya kamata ya ɗauka? Ni dai a ganina, muddin aikin na halal ne, kuma zai ciyar da mutum ya rufa masa asiri, to ya ɗauki wanda yake so. Kafin in kawo dalilaina, bari in ba ku labarin yadda abin ya faru.

Mahaifina tela ne, kuma ni ne ɗansa na fari, da ƙanne shida a bayana. A hutun da ya wuce, da maganar cike fom ɗin JAMB ta taso, sai ya kira ni shago bayan sallar la'asar. Yana taka keke yana magana, ya ce, "In Allah ya yarda akanta za ka karanta. Lissafi dai ka iya shi. Ka gama ka shiga banki, ka ɗauke mini nauyin waɗannan yara."

Na durƙusa na ce, "Baba, Allah ya ƙara girma, ni koyarwa nake so."

Sai ya tsai da keken, ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Koyarwa? Alli za ku ci kai da iyalinka?"

Ban ce uffan ba, domin ba a musu da uba. Amma daren nan barci bai ɗauke ni da wuri ba.

Wani zai tambaya, me na gani a koyarwa? Shekara uku ke nan, duk lokacin hutu nakan tara ƙannena da 'ya'yan maƙwabta a zaurenmu ina yi musu bitar lissafi, da wani guntun katako da na shafa wa baƙin fenti. A cikinsu akwai wani yaro ɗan aji biyar na firamare wanda bai iya ɗebewa ba idan ta kai ga aro. In ka ce ya cire 27 daga 52 sai ya yi zuru, hawaye su cika masa ido, domin a ajinsu an riga an sa masa suna daƙiƙi. Na nemo tsinken ashana na ɗaure su goma-goma da zare, na nuna masa cewa aron nan ba wani abu ba ne illa kwance ɗauri ɗaya. Muka yi ta yi har mako uku. Ran nan sai na ga ya kwance ɗauri da kansa, ya ƙirga, ya ɗago kai ya ce, "Yaya, ashirin da biyar!" Jama'a, ko kyautar da na samu ranar rabon kyaututtuka ba ta yi mini daɗin wannan kalma ba. Tun daga ranar na san inda zuciyata ta nufa.

To, ga dalilina na farko, kuma da lissafi zan kawo shi tun da shi aka ce na iya. Ma'aikacin gwamnati a ƙasar nan yakan yi shekara 35 yana aiki kafin ya yi ritaya, sai fa in ya riga ya cika shekara 60 da haihuwa. Idan yana aikin awa 8 a rana, kwana 5 a mako, mako 48 a shekara, to kafin ya ajiye aiki ya ba da awa 67,200 na rayuwarsa. Kuma waɗannan su ne zaɓaɓɓun awoyinsa, watau na safe da na rana, na ƙuruciya da na ƙarfi. Abin da ya rage wa iyalinsa shi ne gajiyar yamma. Albashi sau ɗaya yake zuwa a wata, amma aiki kullum garin Allah ya waye yana nan yana jira. Wanda ya ɗauki aikin da ba ya so saboda kuɗi, ya sayar da kwana ashirin da wani abu domin murnar yini ɗaya. Ni ban ga riba a wannan ciniki ba.

Dalili na biyu ya shafi jama'a baki ɗaya. Aikin da ba a so ba ya kyau, ko da mai yinsa yana da ilimin. Dukanmu mun taɓa zuwa wani asibiti ko wani ofis muka iske ma'aikaci ya ɗaure fuska tun da sassafe, yana daka wa tsofaffi tsawa kamar su suka sa shi. Da yawansu ba mugaye ba ne. Wuri ne suka shiga wanda ba nasu ba, ko don an tilasta musu ko don sun hango kuɗi, yanzu kuwa fita ta gagara, sai su huce a kan wanda bai ji ba bai gani ba. Haka nan mu ɗalibai ba sai an gaya mana ba, mun san malamin da ke shiga aji domin yana son abin da yake koyarwa, mun kuma san wanda ke duba agogo tun kafin ya ajiye littafi. Na farkon ko zazzaɓi yake yi sai ya lallaɓo. Darasinsa ne muke tunawa, kuma shi muke gaisarwa da zuciya ɗaya in mun gamu a kasuwa. Ƙasar da kowa ya ruga inda kuɗi suka fi yawa, za ta wayi gari da likitan da ba ya ƙaunar majinyaci, da alƙalin da shari'a ta gundure shi, sa'an nan azuzuwa su koma hannun waɗanda suka rasa abin yi. Wa zai koyar da ƙannenmu ke nan?

Dalili na uku, shi albashi mai tsokar nan ba shi da tabbas. Ba banza Hausawa suka yi wa kuɗi kirari da masu gidan rana ba. A shekarar 2004 Babban Bankin Nijeriya ya umarci kowane banki ya kai jarinsa naira biliyan 25 kafin ƙarshen 2005. Da wa'adin ya cika, bankuna 89 suka koma 25, waɗansu suka haɗe, waɗansu suka rushe, ma'aikata masu yawa suka rasa aiki. Kawuna, yayan mahaifiyata, yana cikinsu. Shi tun yana yaro noma yake so, burinsa ya tafi Samaru ya zama malamin gona, amma dangi suka ce wanda ya yi boko ba ya komawa ga fartanya. Ya yi shekara goma sha ɗaya a banki. Ya gaya mini da bakinsa cewa yakan fita 'ya'yansa suna barci, ya komo sun yi barci, kuma duk daren Lahadi sai ya ji ƙirjinsa ya yi nauyi saboda gobe Litinin. Da aikin ya tafi, sai ya tattara abin da ya rage masa ya kama noman rani a wajen Kadawa, shinkafa da tumatir da albasa.

Ba zan ɓoye muku ba, kawu bai koma yadda yake a dā ba ta fuskar dukiya. Motar ya sayar, babur yake hawa. 'Ya'yansa an cire su daga makarantar kuɗi an mai da su ta gwamnati, kuma har gobe matarsa takan ce ita dai kwanakin banki sun fi mata. Shekarar da tumatir ya faɗi a kasuwa kuwa sai da ya ci bashi. Amma da na tambaye shi ko zai koma in an kira shi, sai ya yi dariya ya ce, "Ɗana, baƙin cikina ɗaya ne, shekara goma sha ɗayan nan da ban yi su a gona ba." Abin da na fahimta shi ne, albashi na mai biya ne, ran da ya ga dama ya tsayar. Gwanintar da mutum ya samu a aikin da yake so kuwa tasa ce, ba mai sallamarsa daga gare ta.

Wanda ke da takardar naira ashirin a aljihu ya fito da ita ya juya bayanta. Matar nan da ke zaune tana ginin tukunya ita ce Ladi Kwali. A ƙauyen Kwali ta tashi, ta koyi ginin tukwane tun tana yarinya a hannun wata 'yar'uwarta, sana'ar da ba wanda ya ɗauke ta hanyar arziki. Ba ta yi boko ba. Kyan aikinta ya sa Sarkin Abuja Alhaji Sulaimanu Barau ya riƙa ajiye tukwanenta a fada, a can wani Bature mai suna Michael Cardew ya gan su. A 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane da ya buɗe a Abuja ta dā, wadda yanzu ake kira Suleja, ita ce mace ta farko da ta shiga. Daga nan aikinta ya kai ta Ingila da Amurka, a 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa na dakta, ta rasu a 1984. Yau ga hotonta a jikin kuɗin da muke ta rububi a kansu.

Amma kada in yaudare ku. Ladi Kwali guda ɗaya ce, maginan tukwane kuwa dubbai ne waɗanda suka rayu suka mutu ba wanda ya ji sunansu bayan kasuwar ƙauyensu. Ban kawo ta don in ce duk wanda ya bi abin da yake so zai yi suna ko ya yi kuɗi ba. Na kawo ta ne don a ga irin kyan da aiki ke kai wa idan hannu da zuciya suka haɗu a kansa. Ladan da na tabbata mutum zai samu shi ne ya wayi gari ba ya fargabar wurin da za shi.

Yanzu bari in juya ga abin da masu sukar ra'ayina za su ce, domin maganarsu tana da nauyi, kuma mahaifina yana cikinsu.

Za su ce so ba ya cika tukunya. Gaskiya ne. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kowane gida ya ji a jikinsa. A 2024 an ɗaga mafi ƙarancin albashi daga N30,000 zuwa N70,000, amma duk wanda ake aika kasuwa ya san inda wannan kuɗi ke tsayawa. Malaman makaranta kuwa, musamman na firamare, an daɗe ana jin kukansu a kan ƙarancin albashi da jinkirin biya. Wanda ya ce kuɗi ba kome ba ne, bai taɓa tsayawa a kantin magani da takardar likita a hannu aljihu wayam ba. Saboda haka ne tun farko na sa sharaɗi, na ce aikin ya zama zai ciyar da mutum. Amma akwai bambanci tsakanin abin da ya isa da abin da ya fi yawa. Wanda ba shi da na abinci ba zaɓi ne a gabansa ba, ya kama duk halal ɗin da ya samu, tilas ba ta rasa ɗakin kwana. Maganata a kan wanda aiki biyun duka za su riƙe shi ne, sai dai ɗaya ya fi ɗaya maiƙo. A nan ne nake cewa ƙarin da ke sama bai kai a sayar da kwanciyar rai dominsa ba. In kuwa aka ce sai an kai inda kuɗi za su isa ɗungum, to ba ranar isa, domin mai babur mota yake hange, mai mota kuma yana hangen ta maƙwabcinsa. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Za su kuma ce, ɗan fari ba na kansa ba ne. Wannan ita ce ta fi ci mini rai. Na san da kuɗin ɗinkin sallah aka biya mini kuɗin jarrabawa, na san dare nawa Baba ya raba yana taka keke da fitila. Idan na ce daɗin raina kawai nake bi, ƙannena shida su yi ta kansu, lalle na zama butulu. Amsata ita ce, taimakon gida ba a aljihu kaɗai yake ba. Malami yana iya ɗaukar karatun ƙannensa a hannunsa, kuma ba a hana shi riƙe wata sana'a bayan an tashi makaranta ba. Malamai nawa muka sani masu noma da damina, masu kiwo, masu ɗan shago? Abin zai zo a hankali, ba kamar na banki ba, wannan na yarda. Amma sannu ba ta hana zuwa.

Na uku za su ce, yaro bai san abin da yake so ba, yau ya ce wannan gobe ya ce wancan. Wannan ma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, kuma a nan 'yan'uwana ɗalibai nake wa magana. Sha'awa daban, so daban. Wani ya ga ɗan ƙwallo a talabijin sai ya ce shi ƙwallo yake so, alhali ko gudun safe ba ya iya tashi. Wani kuma lalaci ne ke damunsa, sai ya laƙaba masa suna zaɓi. Kafin ka je gaban mahaifinka da wannan magana, ka yi wa kanka tambaya uku. Shin ka taɓa yin aikin nan da hannunka, ba wanda ya sa ka, ba wanda ya biya ka? Shin ka ga wahalarsa, ka ji har yanzu kana so? Shin wani wanda ya san aikin ya duba naka ya ce akwai alama? In amsa ta zama i sau uku, to magana ta tsaya da ƙafafunta. In ba haka ba, ka koma ka gwada tukuna, domin sai an gwada akan san na ƙwarai.

Ku kuma iyayenmu, Allah ya saka muku da alheri. Mun sani abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, kuma mun san tsoron talauci kuke yi mana, ba ƙiyayya ba ce. Roƙonmu ɗaya ne, kafin ku yanke, ku tambaye mu, ku kuma tambayi malamanmu abin da suka gani a tare da mu. Kada a auna ɗa da ɗan maƙwabci. Don ɗan wane ya zama likita ba shi ne ya sa kowane ɗa zai iya tsayawa a kan jini ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, in ji maƙwabcin mai akuya da ya sayi kura. Yaron da aka tura kwas ɗin da ba ya so, sau da yawa yakan ɓata shekaru da kuɗin iyayensa, ƙarshe ya fito da takardar da ba zai yi aiki da ita ba. Mu kuma ɗalibai mu sani, ba a cin nasara da fushin iyaye. In za mu faɗi ra'ayinmu, mu faɗa a durƙushe, mu sa kawu ko gwaggo ko malami su shiga tsakani, mu yi haƙuri har a fahimce mu. Aikin da aka shiga ba da albarkar iyaye ba, ko ana sonsa, daɗinsa ragagge ne.

Watakila kuna so ku ji yadda muka ƙare da Baba. Bayan kwana biyu da maganarmu, ina taya Inna tsintar shinkafa sai ta ce, "Kai da ubanka ai hali ɗaya ne." Ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Ashe kafin a haife ni an taɓa samar masa aiki a wata masaƙa a Kakuri, can Kaduna, da albashin da ya ninka abin da yake samu a shago, ya ƙi. Ya ce shi ba zai iya rabuwa da almakashinsa ba. Dangi suka yi ta yi masa faɗa. Masaƙun nan kuwa galibinsu sun rufe tsakanin 2002 da 2007, shi ko yana nan a kan kekensa, kuma duk unguwarmu an san wuyan rigar da ya fito daga hannunsa.

Da dare na sami Baba ya gama cin tuwo, na gaishe shi, na kawo maganar a hankali. Na zaci zai yi dariya ya ce na kama shi. Sai ya yi shiru, can ya ce, "Gaskiya uwarka ta faɗa maka. Ban taɓa nadamar ɗinki ba ko yini ɗaya. Amma ni na san ranakun da na shigo gidan nan ba ko sisi, ina jin kukanku. Shi ya sa nake yi maka tsoro."

Na ce, "Baba, da za a mai da kai baya, masaƙar za ka ɗauka?"

Ya daɗe yana kallon ƙasa, sa'an nan ya ce, "A'a."

Bai ce ya yarda ba, bai kuma ce bai yarda ba. Abin da ya ce shi ne zai zo makaranta ya ga malaminmu na lissafi, kuma in har koyarwar zan yi, to sai in je jami'a in yi digirinta sosai, in kuma zauna a shago duk hutu in koyi yanka da ɗinki, domin guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Na karɓi sharaɗin da hannu biyu. A makon jiya na haɗa aljihuna na farko, ya karkace, Baba ya sa na farke na sake.

Fom ɗin yana nan ban cike ba tukuna, muna jiran zuwansa. 'Yan'uwana na aji shida, Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya zaɓa mana abin da ya fi alheri, ya sa wa abin da za mu samu albarka, ko kaɗan ne ko mai yawa. Iyayenmu kuma Allah ya ja kwanansu su ci moriyarmu, amin.